Tsohon da nake kula da shi yana so in zagaya da shi tsofaffin mashayunsu na Landan

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu zama a Landan. Aikin kula da tsofaffi nake yi, kuma akwai wani Bature da nake zuwa gidansa shekara biyu ke nan. Wata mai zuwa zai cika 81, a keken guragu yake. Bai taɓa aure ba, abokin zamansa namiji ne kuma ya daɗe da mutuwa, kun dai gane. Jiya ya miƙo min takarda mai sunayen mashayu uku na maza irinsa: Coleherne a Earl's Court, Black Cap a Camden, da Royal Vauxhall Tavern. Wai so yake ya sake ganinsu kafin ƙasa ta rufe masa ido. Ya ce lokacin da ya fara zuwa Coleherne tarayyar namiji da namiji laifi ce a dokar Ingila, sai a 1967 aka sassauta. Ni ba na sha, shi ma likita ya hana shi. Wanne ne har yanzu yake nan? Tasi ko jirgin ƙarƙashin ƙasa? Asabar ɗaya gare ni. Can ƙasan zuciyata kuma ina tunanin ko in ce a tura wani.

Direban Dare: Ƙanena, shekara 19 na yi ina kabu-kabu da daddare, duk na ɗauki fasinja a ƙofarsu. Coleherne ginin yana nan a Old Brompton Road, amma an sayar, sunansa Pembroke yanzu, abinci ake ci kamar ko'ina. Black Cap an rufe ta a 2015. Ta Vauxhall ce ta tsira, a 2015 ɗin ma gwamnati ta sa ta cikin gine-ginen tarihi. Ka ɗauki baƙar tasi, duk suna ɗaukar keke. Fam 70 ya ishe ka.

Maman Hanifa: Fam 70? Alhaji, wace shekara ka bar tuƙi? Na kai surukata asibiti daga Peckham zuwa Paddington, fam 48 zuwa kawai. Wuri uku ga jira, ka riƙe 150.

Malam Na Bakin Kasuwa: Ku kuna ta lissafin fam. Ba wanda ya tambayi halascin tura mutum zuwa gidan giya, balle irin wannan gida.

Baban Sadik: Ɗan Gwammaja, saurara. A 1994 na yi wankin kofuna a mashayar wani ƙaramin otal kusa da tashar Earl's Court, ba zan faɗi suna ba. Babu allo, babu tuta. Da ƙarfe shida sai ka ga maza masu kwat da jakar ofis sun shigo ɗai-ɗai, kowa ya nufi kujerun lungu inda fitila ba ta kai ba. Wani yakan zare zoben aurensa ya jefa a aljihun gaba kafin ya zauna, da idona na gani. Ba su taɓa yi min maganar banza ba. Wani dattijo ma ya ga ina rawar ɗari ya kawo min kwat ɗin ulu, na sa shi hunturu uku. Mai otal ɗin ne ya cinye min albashin sati bakwai don ya san ba ni da takarda. Amma ba wannan ne ciwon ba. Wani ɗan garinmu ya hango ni ina fitowa ta ƙofar baya. Kafin wata ya ƙare labari ya isa gida a kaset, wai na zama ɗan daudu a Ingila. An kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, aka dawo mana da kayanmu a cikin buhu. Mahaifiyata ta rasu ban wanke kaina a wurinta ba. Shi kuwa yana nan, sahun gaba yake sallah. Bature ba zai cuce ka ba, naka za ka ji tsoro.

Maman Hanifa: Allah sarki, Baba. Allah ya jiƙan Hajiya.

Ɗan Tasha: Baba, kwat ɗin yana nan? Don sanyin bana ba sauƙi.

Baban Sadik: Yaro, ka kiyaye ni.

Malam Na Bakin Kasuwa: To kun ji. Wanda ya tsaya a wurin zargi kada ya ga laifin mai zarginsa.

Direban Dare: Malam, wata takwas gare ka a ƙasar nan, kuma a Luton. Ina Soho daren 30 ga Afrilu 1999 da bam mai ƙusoshi ya tashi a Admiral Duncan, wata mashayarsu, mutum 3 suka mutu, har da mace mai ciki. Wanda ya dasa shi ne ya dasa a Brixton don baƙar fata, ya dasa a Brick Lane don 'yan Bangaladash, duk cikin sati biyu. A lissafinsa mu da su buhu ɗaya ne.

Malam Na Bakin Kasuwa: Daɗewa a Landan ba ilimi ba ne, Alhaji.

Nas Rakiya: Ku bar yaron nan ya ji abin da zai amfane shi. Ka sa fitar a rubuce a takardar kula da shi, manajarku ta sa hannu. Tashar Camden Town ba ta da lif, kada ka gwada da keke. Ka tambaya ko yana da Taxicard, katin tasi na masu wahalar tafiya, ana rage kuɗi. Ku je da rana, shayi ma ana sayarwa.

Ɗan Tasha: Shayin fam huɗu! Na mai shayin bakin Kwari har da biredi da ƙwai bai kai haka ba.

Maman Hanifa: Ai ba mashayunsu kaɗai haya ta kora ba. Shagon da nake sayen daddawa da kuka a Rye Lane ya koma wurin shan kofi. Mai gidanmu ya ƙara min fam 200 a wata, ga danshi har silin.

Direban Dare: Ni ULEZ, harajin hayaƙin mota, ce ta raba ni da motata, fam 12.50 kullum, mota lafiyarta lau. Hajiya, wace ƙaramar hukuma kike? Akwai ofishin da ake kai ƙarar danshi.

Ɗan Gwammaja: Na gode duka. Amma ta Vauxhall ɗin, keke yana shiga ta ƙofar gaba?

Maman Hanifa: Southwark, Alhaji. Sau uku ina rubuta musu.