Muhawara: Richard Curtis gwanin rubutu ne, amma da ya bar wa wasu kujerar darakta

Malam Auwalu: Jama'a, ga abin da na ce, kuma ina kan bakana. Richard Curtis, wanda da yawanmu muka san aikinsa ta Mr. Bean ba tare da sanin sunansa ba, marubucin barkwanci ne na ƙin ƙarawa, amma ba darakta ba ne. Finafinansa biyu da suka fi tsayuwa da ƙafarsu wasu ne suka ba da umarninsu: Mike Newell ya yi Four Weddings and a Funeral a 1994, Roger Michell ya yi Notting Hill a 1999. Da ya hau kujerar da kansa uku ya yi, Love Actually a 2003, The Boat That Rocked a 2009, da About Time a 2013, kuma ciwonsu ɗaya: tsawo. Biyun farko kowanne minti 135. Fim ɗin ban dariya da ya haura awa biyu ya fara gajiyar da mai kallo.

Hajiya Rabi: Malam Auwalu, ka auna da minti, ni kuma bari in auna da kasuwa. An kashe wa Love Actually wajen dala miliyan 40, ya dawo da kusan 245. About Time dala miliyan 12 aka kashe, ya kawo sama da 85. Wanda bai iya aiki ba ba ya yin wannan sau biyu cikin uku.

Malam Auwalu: Hajiya, ai na ukun ne shaidata. The Boat That Rocked, labarin gidajen rediyon da ke watsa kiɗa daga jirgin ruwa a shekarun 1960, ko kuɗinsa bai mayar ba. Kafin a kai shi Amurka sai da aka datse kusan minti 20, aka kuma sauya masa suna zuwa Pirate Radio. Sin bayan sin kowanne da dariyarsa, amma babu igiyar da ke jan labarin gaba. Marubuci na ƙaunar duk abin da ya rubuta, shi ya sa yake buƙatar wani a gefe mai cewa wannan a cire.

Injiniya Bashir: Ina bayan Malam Auwalu, kuma abin ya samo asali tun a talabijin. Zangon farko na Blackadder, shirin barkwanci na BBC, a 1983 Curtis da Rowan Atkinson, wanda ke fitowa a matsayin Mr. Bean, suka rubuta. An fita lokeshan a fadar Alnwick, ga dawakai ga tarin mutane, kuɗi ya tafi, dariya ta yi ƙaranci. Sai BBC ta gindaya sharaɗin a rage kashe kuɗi. A zango na biyu, 1986, Ben Elton ya shigo rubutun, aka koma cikin sutudiyo gaban 'yan kallo, aka kuma juya halayen: Blackadder ya zama mai wayo da kaifin baki, yaronsa Baldrick ya zama dolo. Nan shirin ya samu kansa. Duk inda aka ƙuntata wa Curtis, ta kuɗi ko ta abokin aiki, aikinsa ya fi kyau. Four Weddings ma haka: ƙasa da fam miliyan 3, kwana 36 na ɗauka, babu sararin ɓarna. Ga kuma maganar Hugh Grant, jarumin fim ɗin. Curtis da farko bai so a ba shi fim ɗin ba, yana ganin ya cika kyau ga wannan matsayi, aka rinjaye shi. Zaɓen jarumi kuwa rabin aikin darakta ne.

Zainab: Yaya Bashir, wannan hujjar tana nuna yana buƙatar edita da furodusa masu ƙarfi, ba ta nuna bai iya ba da umarni ba. Ku dubi fitowar Emma Thompson a Love Actually, inda ta buɗe kyautar mijinta ta ga faifan waƙa maimakon sarƙar da ta gani a aljihunsa. Ta shiga ɗaki ita kaɗai, babu magana ko ɗaya, kyamara ta tsaya tana kallonta tana share hawaye, tana gyara shimfiɗar gado, sannan ta fito wa yara da murmushi. Mai ƙaunar kalmominsa fiye da kima da ya sa mata jawabi a baki. Shi ya yi shiru ya bar jaruma ta yi aikinta. Haka buɗe fim ɗin da hotunan mutanen gaske suna tarbar 'yan'uwansu a filin jirgin Heathrow, wannan shawarar darakta ce.

Malam Auwalu: Zainab, wannan sin ɗin na sallama miki shi. Amma sin ɗaya ne cikin labarai kusan tara da aka saƙa wuri guda. Haɗin farko ya kai awa uku da rabi, aka zubar da labarai sukutum. Abin da ya rage bai daidaita ba: na Laura Linney da ɗan'uwanta marar lafiya yana da nauyi amma an bar shi a rataye, na saurayin da ya tafi Amurka neman 'yanmata kuwa ba shi da komai, ya kuma cinye lokaci. Kwatanta da Michell a Notting Hill. Yana so ya nuna shekara ta wuce, sai ya sa Hugh Grant ya ratsa kasuwar Portobello, ruwan sama, dusar ƙanƙara, rana, duk a tafiya ɗaya da aka haɗa ta yi kamar ɗauka guda. Cikin minti biyu an gama. Irin wannan tunani da hoto ne ban gani a wurin Curtis ba.

Hajiya Rabi: To a nan zan tsayar da kai. Wanda ya rubuta Mr. Bean ba za a ce ba ya tunani da hoto ba. Kashi 15 ne kacal, daga 1990 zuwa 1995, kusan babu magana, shi ya sa yaro a Kano ko Damagaram ke dariya ba tare da jin Turanci ba. Ɗauki jarrabawar kashi na farko. Bean ya yi shirin wani reshe na lissafi, ya zaro takarda ya ga na wani reshen, ya ɓata lokacinsa kaf yana ƙoƙarin leƙa ta maƙwabcinsa, sai dab da tashi mai sa ido ya ambaci cewa takardu biyu ne a ambulan, kowane reshe da tasa. An dasa ambulan ɗin tun farko a gaban idonka, aka ja hankalinka wani wuri, aka dawo da shi a ƙarshe. Duk da motsi aka gina shi.

Injiniya Bashir: Gaskiya ne Hajiya, sai dai rubuta motsi daban, ɗaukarsa daban. Shirin talabijin irin Blackadder kyamarori da yawa ke ɗauka lokaci guda, ga 'yan kallo a zaune, dariyarsu ce ke gaya maka inda za ka dakata da inda za ka yanke. A fim babu wannan ma'auni. Kyamara ɗaya, sin ɗaya a maimaita shi ta fuskoki da dama, sai a ɗakin tacewa ake yanke daƙiƙa nawa za a bari bayan kowace magana. Ka bar da yawa, abin ya yi sanyi. Ka rage, dariya ta danne maganar da ke biye. A nan Curtis ke sakin hannu. Kuma kar mu manta Mr. Bean ba shi kaɗai ba ne, akwai Atkinson da Robin Driscoll, wasu ne kuma suka ba da umarni.

Zainab: Ni About Time ne ya sa ban yarda da taken nan ba. Minti 123, 'yan wasa kaɗan, gida ɗaya a Cornwall, kuma alaƙar Bill Nighy da Domhnall Gleeson a matsayin uba da ɗa an ɗauke ta da natsuwa, har wasan ƙwallon teburinsu. Inda fim ɗin ya yi tuntuɓe a rubutu ne. Gleeson ya fito a matsayin saurayi mai iya komawa baya cikin lokaci, kuma an kafa doka cewa idan ya koma baya ya wuce haihuwar ɗansa, yaron zai canza, amma a ƙarshe shi da uban suka koma har ƙuruciyarsa a bakin teku, aka ce kawai idan sun yi hattara ba komai. Malam Auwalu, wannan laifin marubucin da kake yabo ne, daraktan da kake kushewa shi ya rufa masa asiri.

Malam Auwalu: Darakta na daban da ya mayar masa da rubutun ya ce a gyara dokar kafin a kunna kyamara, ƙanwata. Newell da furodusa Duncan Kenworthy haka suka yi ta sa shi sake rubuta Four Weddings, har rubutun ya shiga takarar Oscar.