Neman kalmar Hausa: me za mu kira "bakof" da rahotonsa?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina cikin rubuta wa sababbin ma'aikata bayanin yadda ake saita rahoton bakof na bayanan da ke kan intanet, da yadda ake bitarsa, sai na cije tun a kalmar farko. Baki ya saba da "bakof", amma wanda bai ji Turanci ba, ba abin da take gaya masa. Abin da nake nufi shi ne kwafin bayanai da ake ɗauka a kai a kai, a kai shi wani wuri dabam, domin ranar da na asali ya lalace, ko aka goge shi, ko masu kutse suka kulle shi suna neman kuɗin fansa, a ɗauko a maido. Kalmar da za ta ɗauki wannan nauyi nake nema. Na tambaya, 'yan'uwa sun ba ni shawarwari, ga abin da nake gani a kan kowace.

Na fara da "madadin", wadda fassarar inji take yawan zubo mana. Ban karɓe ta ba. Ba ta tsayawa da ƙafarta, kowa ya ji ta zai tambaya madadin me. Sannan madadi wani abu ne dabam da ake sawa a gurbin wani, shi kuwa bakof kayanka ne dai, yadda suke da ƙarfe 2 na daren jiya.

Malam da ka ce a bar shi a "ajiya" kawai, na gode, amma nan ne na fi jin tsoro. Duk wanda ya danna adanawa ya yi ajiya. Mutane da yawa suna ɗauka tunda takardunsu na Google Drive ko OneDrive, shi ke nan sun tsira, alhali abin da ke gudana tsakanin kwamfutarsu da can aikin madubi ne: ka goge a nan, ya goge a can. Kwandon sharar Google Drive kwana 30 yake riƙe abu, daga nan ya zubar. Idan muka kira duka biyun da suna ɗaya, mu da kanmu muka ƙara wa mutane ruɗun da ke jawo musu asara.

"Safaya" da wani ɗan'uwa ya kawo ta burge ni, don kowa ya san tayar safaya sai ana duba iskarta. Sai dai safaya guda ɗaya ce, bakof kuwa jeri ne: na jiya, na makon jiya, na watan da ya wuce.

'Yar'uwa da kika ce "ajiyar ko-ta-kwana", a ganina ke kika harbi gaɓa. Shirin ko-ta-kwana shi ne zaman da ake yi a shirye, ana jiran kira dare ko rana. Kalmar ta faɗi dalilin ajiyar, ta kuma ɗora mata sharaɗi: idan an kira, dole ta amsa. Kwafin da aka nema aka kasa maidowa bai cancanci wannan suna ba, ko da ya cika faifai. Masu cewa ta yi tsawo, baki zai gajarta ta da kansa. A wurin aiki za a ce "an ɗauki ko-ta-kwana?", kuma ba wanda zai ɓata.

Batun "gajimare" da "girgije", wato fassarar "cloud" ta Turanci, inda ake ajiye bayanai a kan intanet, ba zan daɗe a kai ba. Gajimare ya riga ya zauna a bakin masu rubutu, a bar shi. Amma a bayanin sababbi zan sa layi ɗaya cewa kwamfutoci ne a cikin gini, kuma gini yana cin wuta. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin gajimare OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, kuma akwai abokan cinikin da ko-ta-kwanarsu a wannan harabar take, ta tafi tare da na asali. Shi ya sa masu sana'ar suke riƙe da ƙa'idar 3-2-1: kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, 1 a nesa.

To, rahoton. "Rahoto" ba ta da matsala, "saitawa" ma kowa ya san ta. Inda nake so mu tsaya shi ne kalmar abin da mutum yake yi idan rahoton ya iso. An ce "dubawa", an ce "karantawa". Ni na zaɓi "bita", ga dalilina.

Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure, kimanin gigabait 300. Da suka juya wajen ko-ta-kwanarsu ta kullum, sai suka tarar da wurin wayam. Manhajar da ke ɗaukar kwafin ta tsohon zubi ce, ba ta dace da rumbun ba, ta jima tana gazawa. Saƙon imel da ke sanar da gazawar kuwa ana tura shi, amma na'urar karɓar saƙo tana ƙin sa, don bai cika sharaɗin tantance mai aikowa ba. Ba wanda ya ga komai, aka ɗauki shiru a matsayin lafiya. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin nan ne ya cece su, aikin waɗannan awoyin kuma ya tafi. Mai dubawa abin da aka ajiye a gabansa yake kallo. Mai bita yana bin abu ɗaya bayan ɗaya da jerin abin da ya kamata ya gani, don haka shi ne zai lura rahoton yau bai zo ba. Shi ne kuma zai lura an kafa sabuwar na'ura makon jiya ba a sa ta a tsarin ba. Irin wannan ba ta taɓa fitowa a jerin waɗanda suka gaza, tunda ba a ma gwada ɗaukarta ba. Su nake kira "marasa ko-ta-kwana", kuma su nake so mai bita ya fara nema.

Yallaɓai da ka tambaya ko rahoton iri ɗaya ne, a'a. AWS Backup, tsarin ko-ta-kwana na kamfanin Amazon, misali, yana raba shi gida-gida: na ɗauka, na kwafa zuwa wani wuri, da na maidowa, yana zuba su kullum a ma'ajiyarsa ta gajimare mai suna S3, a tsarin fayil na CSV ko JSON. Azure Backup na Microsoft kuma sai ka haɗa shi da Log Analytics, wurin da ake tara bayanan ayyukan na'urori, kuma bayanan farko kan iya ɗaukar har awa 24 kafin su bayyana, kada sabon ma'aikaci ya ɗauka saitinsa ne ya ƙi. Sunayen Hausa sun zo da sauƙi: rahoton ɗauka, rahoton kai wa nesa, rahoton maidowa. Na ukun ne na fi ba wa daraja. Idan wata guda ya wuce babu layi ko ɗaya a cikinsa, ba wanda ya gwada ko ajiyar tana amsa kira.

Sakamako kuma uku ne galibi. "Ta kammala" da "ta gaza" ba gardama. Na tsakiyar, inda aikin ya ƙare amma aka tsallake wasu fayiloli, an ba ni "ta kammala da gargaɗi". Ban so ba, don ido yana ganin "kammala" sai hankali ya kwanta ya wuce. Na fi son "da saura", kamar yadda muke cewa da sauran rina a kaba. Wanda ya ga "da saura" ya san sai ya buɗe ya ga me aka bari.

Kowane kwafi a jerin nan na jiya da makon jiya da watan da ya wuce, na kira shi "zango", tunda wuri ne da za ka iya komawa ka ci gaba da tafiya. Tsawon lokacin da ake riƙe shi kafin a share, "wa'adi". Malama da kika ce zango zai iya rikicewa da zangon karatu, na ji, na mai da shi "zangon komawa". Ga yadda layi ɗaya zai fito a bayanin da nake rubutawa: "Ko-ta-kwanar rumbun albashi, daren Talata: da saura, an tsallake fayil 4. Zangon komawa na ƙarshe mai kyau: daren Litinin. Wa'adi: kwana 35." Na miƙa wa wani sabon ma'aikaci layin ba tare da wani bayani ba, ya karanta, ya tambaye ni waɗanne fayiloli huɗu ne.