Tambaya kan launin shat na 'yan sandan Munich a 1972

Assalamu alaikum. Ina ɗinka kayan wani wasan kwaikwayo da labarinsa ya faru a Munich a 1972, kuma na kakare a kan shat ɗin 'yan sanda. Kakin bai-ɗaya na Jamus ta Yamma da mai zanen tufafi Heinz Oestergaard ya tsara, wato koriyar kwat da shat rawaya-rawaya da wando ruwan ƙasa, sai daga 1976 ya shigo, alhali birnin Munich yana da 'yan sandansa na kansa masu shuɗin kaki har 1975. Hotunan da na samu baƙi da fari ne, kwat ta rufe komai sai kwala kaɗai. Don Allah, wane launi dokar tufafinsu ta tanada, kuma an yarda su tuɓe kwat lokacin zafi?