Neman kalma: me za mu kira "yellowface" da Hausa?

1. Jama'a, a taimaka mini da kalma. Amurkawa na cewa yellowface idan aka ɗauko Bature aka yi masa kwalliya ya fito a fim a matsayin mutumin Sin ko Japan.

2. Misalin da ya tsaya mini a rai shi ne Broken Blossoms, fim ɗin soyayya da ban tausayi na D.W. Griffith, 1919, zamanin da fim bai fara magana ba. Wani ɗan Sin a unguwar Limehouse ta Landan ya ɓoye yarinyar da ubanta ɗan dambe ke jibga. Lillian Gish ce yarinyar. Ɗan Sin ɗin kuwa Richard Barthelmess ne, Bature, ya ƙanƙance idanu, ya ranƙwafa, yana tafiya a sanyaye. Labarin na neman a tausaya wa baƙo, amma ba a yarda baƙon ya tsaya gaban kyamara da fuskarsa ba.

3. An ce mini "rawayar fuska". A'a, mai ji zai zaci ciwon shawara ake nufi. "Sojan gona" da "basaja" ma ba su zauna ba, domin ba a yaudari kowa ba, sunan jarumin na nan ɓaro-ɓaro a allon talla.

4. Wani malami ya kawo "aron fuska", har ya haɗa da karin maganar kayan aro ba ya rufe katara. Ta yi daɗin faɗa, malam, Allah ya ƙara basira. Sai dai aro da yardar mai kaya ake yi. Ku dubi Anna May Wong, jaruma mai tsatson Sin, haifaffiyar Los Angeles, wadda ta ja fim ɗin The Toll of the Sea tun 1922. Da kamfanin MGM ya tashi yin The Good Earth na 1937, labarin manoman Sin, ta so babban matsayin mace, ba a ba ta ba. Mijin a fim Paul Muni ne, Bature, ga dokar tace finafinai ta Hays da ke ƙyamar soyayya tsakanin launin fata daban-daban. Luise Rainer, Baturiya, aka ba, har ta ci kyautar Oscar da shi. Wa aka tambaya kafin wannan aron?

5. Ni dai na tsaya a kan "ƙwacen fuska". Za ta ɗauki blackface ma, wato Bature ya shafa baƙi ya fito a matsayin baƙar fata, sai a fayyace fuskar wa aka ƙwace: ta 'yan Sin ko ta baƙaƙen fata. Masu fassara a gidajen rediyo, ku gwada ta cikin jimla mu ji ko ta hau baki.