Tankin kifi zai iya ɗumama ɗakin shuka da daddare?

Mai Lambun Baya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gina ɗakin shuka na leda a bayan gida, faɗi mita 4, tsawo mita 6. Niyyata in sa tanki mai lita 1,000 a ciki in zuba karfasa, ruwan kifin ya riƙa zagayawa cikin kwamin tsakuwa inda zan shuka latas da tumatir, sannan ya dawo tanki. Ruwan kuma na sama nake son tarawa. Damuwata ita ce lokacin sanyi, domin inda nake dare kan sauka har maki 8 a ma'aunin Salshiyas. Wani ya ce mini tankin kifin da kansa zai sha zafin rana ya saki da daddare, ba sai na nemi hita ba. Shin haka ne? Ba na son in zuba rai a ruwa sannan in zo ina kallonsu suna mutuwa.

Tsohon Manomi:
Wa alaikumus salam. Malam, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya faɗa. Ruwa na riƙe zafi fiye da dutse ko bulo. Lita 1,000 idan ta sauka da maki 1 kacal, tana sakin zafin da ya kai wajen kilowat-awa 1.16. Sai dai ka lura, kafin ruwa ya ɗumama ɗaki dole shi ya huce, kuma a cikin ruwan da ke hucewa ɗin nan kifinka yake zaune. Karfasa ta fi walwala tsakanin maki 25 zuwa 30. Da ruwa ya sauka ƙasa da 20 za ka ga ta rage cin abinci, in ya kusanci 10 zuwa 12 kuwa sai mutuwa. Ko bai kai nan ba, hawa da saukar zafi kullum tsakanin rana da dare yana raunana ta, cuta ta samu ƙofa.

Don haka ka raba aikin biyu. Ruwan ɗumama ɗaki daban, ruwan kifi daban. Nemi duro biyar masu lita 200, ka shafa musu baƙin fenti, ka cika su da ruwa, ka rufe bakinsu, ka jera su inda rana ke dukansu tun hantsi. Waɗannan su ne za su yi zafi su huce yadda suka ga dama. In sun sauka da maki 8 cikin dare, sun ba ɗakin sama da kilowat-awa 9 ke nan ba tare da ka kunna komai ba. Shi kuwa tankin kifi akasin haka za ka yi masa: ka naɗe jikinsa da farin soson nan da ake ƙunshe kayan lantarki da shi, ka ɗora shi kan katako kada ya taɓa siminti, ka yi masa murfi. Murfin nan mutane na raina shi, alhali ta saman ruwa ne zafi ya fi tserewa, tare da tururi.

Sannan leda falle ɗaya ba ta riƙe komai. Manoman arewacin Sin, inda ƙanƙara ke sauka, suna gina katanga mai kauri a ɓangaren arewa na ɗakin, gaban da ke kallon rana ne kawai leda, da yamma kuma su saukar da bargo mai kauri a kanta. In ba za ka iya katanga ba, ka yi leda ninki biyu da iska a tsakani, ka toshe duk kafar da iska ke shiga.

Uwar Ganye:
Ni kan ruwan zan yi magana. Lissafinsa mai sauƙi ne: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin ɗakinka murabba'in mita 24 ne, kenan ruwan milimita 10 zai ba ka kusan lita 240. Amma ɗan'uwa, daga wane rufi za ka tara? In daga kwanon gida ne mai rufin zinki, ka yi hattara, zinki da tagulla guba ne ga kifi ko da kaɗan ne. Na ledar ɗakin ya fi aminci, da indararon roba. Ka kuma bar ruwan farko ya zube, shi ke wanko ƙura da kashin tsuntsaye.

Abu na biyu, ruwan sama ba shi da sinadarin kalsiyam, ga shi bakteriyar da ke sarrafa kashin kifi tana ƙara wa ruwa tsami. Sai ka ga ma'aunin pH, wanda ke sauka idan tsamin ruwa ya ƙaru, yana ta gangarowa. Ka riƙe shi kusa da 6.8 zuwa 7. Dakakken ɓawon ƙwai ko na katantanwa a cikin ƙaramin buhun raga yana taimakawa a hankali.

Mai Tarwaɗa:
Ban ƙi ta Baba Tsohon Manomi ba, amma ni a ganina babban haɗari ba sanyi ba ne, ɗaukewar wuta ce. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, kuma in injin iska, wato mai hura iska cikin ruwa, ya tsaya tsakar dare, karfasa a tanki mai cunkoso ba ta kai safiya. Duk sola da batirin da kake da shi, injin iska za ka fara ba, kafin famfo, kafin hita. Tarwaɗa ta fi juriya domin tana iya ɗagowa ta shaƙi iska a sama, ko da yake ita ma ba ta son sanyi. Kuma don Allah kada ka kunna gawayi a ciki ka rufe. Hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum.

Mai Lambun Baya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan raba ruwan kamar yadda Baba ya ce, kuma na ledar zan tara. To kifi nawa zan fara da shi, kuma yaushe zan zuba?

Tsohon Manomi:
Kada ka zuba ranar da ka cika tanki. Kashin kifi na fitar da amoniya, wata bakteriya ta mai da ita naitirait, wata kuma ta mai da shi naitireit, wanda shi ne abincin shuka. Biyun farko suna kashe kifi. Bakteriyar nan a jikin tsakuwa take zama, kuma takan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ta kafu, cikin sanyi ma fiye da haka. Ka kunna famfo, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi a ruwan yana ruɓewa, kana gwadawa. Sai amoniya da naitirait sun koma kusan sifili sannan ka kawo kifi.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a jagorar da ta fitar a 2014, ta ba da shawarar kada a wuce kilo 20 na kifi a lita 1,000, kuma nauyinsu bayan sun girma ake nufi. A shekarar farko ni rabin haka zan ce ka yi. Tunda darenku na kaiwa maki 8, ka bari sanyi ya wuce tukuna. Wannan sanyin ka yi shi da duro da tanki babu kifi, ka rataya ma'aunin zafi a cikin ruwan, ka riƙa dubawa da asuba. In tankin da ka naɗe yana kwana sama da maki 22, ba ka bukatar hita. In yana sauka ƙasa da 20, ka tanadi ƙaramar hitar ruwa mai kashe kanta kafin sanyi mai zuwa.