Dutse yana rikiɗa ba tare da ya narke ba?

Ɗalibi: Malamai, don Allah yaya rikiɗaɗɗen dutse ke samuwa? Na ji an ce zafi ne, to me ya raba shi da dutsen aman wuta?

Mai Guduma: Narkewa ce ta raba su. Shi rikiɗaɗɗen dutse yana daskare yake sauyawa, ma'adinan cikinsa su sake tsari saboda zafi da matsi, daga wajen digiri 200 na Salshiyas zuwa 700 ko 800. Da zarar ya narke, ya bar wannan aji. Dutsen laka da aka binne a gindin tsaunuka yakan zama silet, sai filayit, sai shist, sai nais, gwargwadon ƙaruwar zafi.

Malama: Wajen rabe ire-iren rikiɗaɗɗen dutse, ɗalibi, fara duba shimfiɗa. Matsin da ya fi ƙarfi ta gefe guda yana jera ma'adinan maika, wato wasu ma'adinai masu sheƙi, dutsen ya riƙa ɓarewa falle-falle. Mabul da kwazayit, su ma rikiɗaɗɗun duwatsu ne, amma galibi ba su da wannan shimfiɗa. Nan ake yawan kuskure, don dukansu kan yi fari. Wuƙa tana karce mabul, ruwan asid yana sa shi kumfa. Kwazayit kuwa shi ke karce gilashi.

Mai Guduma: Haka ne, Malama. Wanda narkakken dutse ya gasa a gefensa ma, wato honfels, ba shi da shimfiɗa, tunda zafi ne ya yi aikin.