Gudun ƙafa ko nauyin hannu: Bill Ward ya fi Dave Lombardo?

Yaya Nura: Assalamu alaikum. Tun ranar 5 ga Yulin 2025 da ƙungiyar mawaƙan Black Sabbath suka yi wasansu na bankwana a filin Villa Park da ke Birmingham nake riƙe da wata magana a ciki, yau dai zan amayar da ita. Na ga makaɗin gangarsu Bill Ward, dattijo ɗan shekara 77, ya zauna bayan ganguna, hannu ya rage ƙarfi, amma nauyin dukan nan nasa yana nan. A wurina babu makaɗin da ya kai shi a duk tarihin kiɗan metal, har da Dave Lombardo, tsohon makaɗin ƙungiyar Slayer, da kuke ta kambamawa. Gudun ƙafa biyun nan, wato taka feda biyu ana dukan babbar ganga da sauri, da aka mayar ma'aunin gwaninta ya toshe kowace kafa, har kiɗa ya daina numfashi. Ku saka waƙar Black Sabbath ta War Pigs. Jita ta sara sau biyu, sai tsit, ba abin da ake ji sai faifan ƙarfe yana cas, cas, cas, mawaƙinsu Ozzy Osbourne ya jefa baitinsa a cikin shirun. Sannan Ward ya mirgino ganguna kamar an kifar da buhun duwatsu a kan tudu. Shirun nan ne ke sa tsikar jiki ta tashi.

Sadiq: Wa alaikumus salam Yaya. Da girmanka, amma ban yarda ba. Kana magana kamar Lombardo inji ne da aka kunna aka tafi. Kundin Reign in Blood na Slayer, 1986, bai cika minti 30 ba, kuma ko'ina a cikinsa mutum kake ji yana tura waƙa gaba da ƙirjinsa. Shiru kake so? Farkon Raining Blood fa? Ruwan sama, tsawa, sai duka uku-uku a kan manyan ganguna, da tazara a tsakani. Ya san inda ake shiru, ya kuma san inda ake gudu. Ward ɗaya ya iya.

Yaya Nura: Ƙanena, a Birmingham ta 1970 wa ya nemi Ward ya yi irin wannan gudu? Kundin Black Sabbath na farko a yini guda suka ɗauke shi. Makaɗan jazz ya taso yana saurare, irin su Gene Krupa da Buddy Rich, shi ya sa dukansa ke lilo, yana ɗan jan baya. Mai jitarsu Tony Iommi kuma da injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu, daga baya ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa, sauti ya yi ƙasa ya yi kauri. Irin wannan sauti makaɗi mai nauyi yake so.

Hajara: Yaya Nura, in jazz ce hujjarka to ta juya maka baya. Gangar ƙafa biyu ai daga jazz ɗin ta fito. Louie Bellson ya yi ta kaɗa su tun shekarun 1940, kafin a haifi Lombardo a Havana a 1965. 'Yan metal gado suka ci. Phil Taylor na Motörhead ya buɗe Overkill da su a 1979, daga nan ƙofa ta buɗe wa na baya.

Abba: Ku bari wanda ya taɓa zama a kujerar ya sa baki. Wata takwas ke nan ina koyon feda biyu. Minti ɗaya na farko lafiya lau. A na biyu sai gaban ƙwaurin hagu ya ɗauki zafi kamar an ɗora garwashi, ƙafar ta fara makara, maimakon dukan ya fito daidai sai ka ji shi yana ɗingishi. Ga hannuwa kuma kowanne da nasa aikin. Ranar da na fara gwada wurin nan na kusa da ƙarshen waƙar Slayer ta Angel of Death, inda kowa ke tsayawa a bar ƙafafun Lombardo su kaɗai, ban kai rabi ba sanda ta suɓuce daga hannuna saboda gumi. Duk mai cewa gudu ba gwaninta ba ne, don Allah ya zo ya zauna minti uku.

Yaya Nura: Abba, Allah ya ƙara basira, ban raina wahalarka ba. Amma wahalar abu daban, daɗinsa daban.

Abba: Haka ne Yaya. Sai dai na gwada War Pigs ma, kuma zan faɗi gaskiya ko da ta goyi bayanka: ta fi ba ni kunya. Ina buga kowane duka a wurinsa, amma in na saurari abin da na ɗauka a waya sai in ji shi a bushe. Gudu ana ƙirga shi, kullum ka ƙara kaɗan. Lilon Ward ban san ta inda ake kamo shi ba.

Malam Isa: Ni ina ganin kun bar jaki kuna dukan taiki. Mawaƙi ne ke saita makaɗi. Ward ɗin nan dai shi ne ya kaɗa a kundin Black Sabbath na Heaven and Hell a 1980, bayan an sallami Ozzy a 1979 an kawo Ronnie James Dio. Ku saurara ku ji yadda dukansa ya miƙe, lilon ya ragu. Ozzy sau da yawa bin sawun jita yake yi, kamar a Iron Man, sai fili ya samu ga makaɗi ya yi yawo. Dio kuwa muryarsa ratsa kiɗan take yi ta hau sama, dole wani ya riƙe mata ƙasa. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Mu da muka taso da Shata mun san haka, kalangu bakin mawaƙi yake bi. Kuma tunda an zo nan, Dio ya fi Ozzy murya nesa ba kusa ba.

Hajara: Malam, a fagen iya sarrafa murya na ba ka. Amma ni har yau in na ji Ozzy a waƙar farko ta kundin farko, bayan ƙararrawa da ruwan saman nan, tsoro na gaske nake ji a muryarsa, kamar mutumin da ya farka ya ga abu tsaye a kansa. Dio labari yake ba ka da kyau. Ozzy abin a kansa yake faruwa. Da ya mutu ranar 22 ga Yuli, kwana 17 kacal bayan wasan bankwanan nan, ita na yi ta maimaitawa har dare ya raba.

Sadiq: Mu dawo kan ganga. A bikin Download na 2004 a Ingila, da rashin lafiya ta hana Lars Ulrich, makaɗin Metallica, fitowa, su wa Metallica suka kira? Lombardo da Joey Jordison na Slipknot. Ku nemi yadda Lombardo ya kaɗa Battery a ranar. Gani ya kori ji.

Ummi: Sadiq, kullum sai an ja Lars an yi masa bulala. Na yarda ƙafarsa ba ta kai ta Lombardo ba. Amma shi da mawaƙinsu James Hetfield ke zama su tsara gaɓoɓin waƙa, inda za ta lafa da inda za ta fashe. A waƙarsu One, 1988, minti huɗu ake tafiya kafin ƙafa biyun su shigo sosai, kuma da suka shigo tare da jita sai suka zama harbin bindiga mai sarrafa kanta, a waƙar da ke maganar sojan da yaƙi ya nakasa. Da tun farko aka sako su, da ba su ce komai ba.

Yaya Nura: Ummi, kin faɗi abin da na kasa faɗa. Ba feda biyu nake ƙi ba, zuba ta ba dalili nake ƙi. Nicko McBrain ya shiga Iron Maiden a 1982, ya yi shekara 42 yana yawon wasa da su, kusan duka da feda ɗaya, kuma sukuwar dokin nan tasu ba ta taɓa ramewa ba.

Sadiq: To Yaya, ka janye cewa Ward ya fi Lombardo?

Yaya Nura: Ban janye ba. Abin da na janye shi ne sanya Lombardo cikin masu toshe kafa, farkon Raining Blood ya wanke shi. Amma a ɗora shi a War Pigs, ina shakkar zai iya haƙurin nan.

Sadiq: A ɗora Ward a Angel of Death fa?

Abba: Ku ba ni zuwa Asabar. Zan ɗauki minti ɗaya-ɗaya na kowacce in turo, da ɗingishin ƙafar hagun da komai, ku ji da kunnenku inda kowacce ke kayar da mutum.